Abin da Na Koya Wajen Kashe Gobarar Ciyawa a Filayen Amurka

Aikin kiwon shanu ne ya kai ni manyan filayen tsakiyar Amurka, waɗanda suka miƙe tun daga Texas har cikin Kanada, ciyawa iya ganinka, ba dutse ba daji. A ƙananan garuruwan yankin, yawancin masu kashe gobara 'yan sa-kai ne: manoma, makiyaya, direbobi. In an yi kira, kowa ya ajiye abin da yake yi ya nufi mota. Maigidan da nake wa aiki yana cikinsu, don haka ni ma na shiga, kuma a nan na gane cewa a irin wannan fili iska ce ke jan ragamar wuta.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne ƙarshen hunturu zuwa farkon bazararsu, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Sanyi ya riga ya kashe ciyawa, sabuwa ba ta tsiro ba, ga iska mai ƙarfi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saurin bushewar ciyawar. Gungumen itace yakan yi makonni kafin ya bushe, amma siririyar ciyawa cikin kamar awa guda take bin yanayin iskar da ke kewaye da ita. Da asuba za ka taka ta da raɓa har takalminka ya jiƙe, kafin azahar in ka damƙe ta sai ta karye a hannunka. Shi ya sa ruwan da aka yi shekaranjiya ba ya kwantar wa kowa da hankali. Shekarar da aka samu ruwa sosai ma ita ce ke tara ciyawar da wuta za ta ci daga baya.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana fitar da gargaɗin jan tuta, wato gargaɗin haɗarin gobara, idan danshin iska ya faɗi ƙasa ƙwarai, misali kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma iska ta yi ƙarfi. Ma'aunin ya ɗan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ranar da aka fitar da shi, a gonarmu ba walda, ba ƙona shara, ba a ajiye mota a kan doguwar ciyawa domin zafin salansa kaɗai ya isa ya kunna ta. Maigida da kansa yake durƙusawa ya duba sarƙar tirela, kada ta riƙa jan ƙasa a kan kwalta tana fitar da tartsatsi. Tun kafin lokacin mun riga mun bi gefen gidaje da rumbunan ciyawa da tarakta, mun kifar da ƙasa ta yadda wuta ba za ta sami abin ci ba. Wannan aikin ba ya burge kowa, amma a ganina shi ne rabin kashe gobarar.

Wutar da ba zan manta ba ta tashi ne a bakin titi, da rana tsaka, iska na kaɗawa daga kudu maso yamma. Kafin mu isa ta yi nisa. Siffarta doguwa ce: baya siriri inda ta fara, gefuna biyu masu tsawo, sai kai mai faɗi yana gudu gaban iska. Ba wanda ya tunkari kan. Direbanmu, wani dattijo da ya daɗe a aikin, ya shigar da motar cikin wurin da ya riga ya ƙone, muka bi gefen wutar daga baya muna feshi, ƙafafunmu a kan baƙar toka. Ya ce da ni, “Yaro, inda ya ƙone ba ya sake ƙonewa. In abu ya ɓaci, nan za ka gudo.” Toka na shiga ido da haƙora, zafin yana ratsa riga, ƙarar wutar kuma ta hana ka jin na kusa da kai. Na ga harshen wuta ya kwanta saboda ƙarfin iska har ya tsallake hanyar mota, na ga dunƙulen busasshen ciyayi yana mirginawa da wuta a jikinsa yana kunna sabon wuri can gaba.

Can da la'asar aka sanar ta rediyo cewa iskar sanyi na tafe daga arewa, aka ce kowa ya bar gefen kudu. Wannan shi ne darasi mafi girma a wurina. Idan iska ta juya, dogon gefen nan da kake ganin ya lafa shi ne zai zama sabon kan wutar, kuma faɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. Mun janye cikin toka, hayaƙi ya ɗan tsaya cak, sai ya kwanta ta wani ɓangaren, gefen da aka bari ya tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Da akwai mutum a cikin ciyawar wajen, da ƙafa ba zai tsira ba. Tun daga ranar, kafin in tambayi ina wutar take, sai na tambayi ƙarfe nawa ake sa ran iska za ta juya.

Irin haka ne ya faru a gobarar Smokehouse Creek da ta tashi a arewacin Texas ranar 26 ga Fabrairu, 2024. Wayar wutar lantarki ce ta haddasa ta, juyawar iska ta faɗaɗa ta, ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, ta kashe mutane da dubban shanu. Ita ce mafi girma a tarihin jihar. Kuma kada mazauna gari su ɗauka abin na makiyaya ne kawai: gobarar Marshall a Colorado, ranar 30 ga Disamba, 2021, daga ciyawa ta shiga unguwanni da iskar da ta haura mil 100 a awa, ta ƙone gidaje sama da 1,000.

Batun dabbobi yana taɓa ni sosai. Shanu sukan gudu har su tarar da shingen waya mai ƙaya, su taru a kusurwa, wuta ta same su a nan. Waɗanda suka tsira da ƙunar kofato ko ta hantsa sau da yawa ba sa warkewa. Saboda haka ranar jan tuta mukan matsar da garke kusa da gonar alkama mai kore ko filin da aka cinye ciyawarsa ƙasa-ƙasa, kuma kowace mota tana da almakashin yanke waya. Shinge ana sake kafa shi.

Bayan harshen wuta ya mutu, aiki bai ƙare ba. Busasshen kashin shanu, turakun shinge na katako da dammunan ciyawa suna riƙe garwashi a cikinsu har washegari, wani lokaci fiye da haka. Mukan bi bakin wurin da ya ƙone da shebur da ruwa, mu farfasa kowane ɗaya, mu kara bayan hannu mu ji ko da sauran zafi, musamman idan an ce gobe ma akwai iska.