Idan jirgi ya ƙi juyawa a tsakiyar gulbi

Daga watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya batse kuma aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, kwale-kwale mai inji shi ne motar mutanen ƙauyukan fadama ranar kasuwa. Kowa yana tsoron inji ya mutu. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inji yana da rai, amma jirgi ya daina bin hannun matuƙi.

A irin injinan da ake maƙalawa a bayan jirgi, kamar Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, injin kansa ne sitiyari. Notuna biyu ne ke matse shi a jikin katakon baya. Katakon yana shan ruwa, ya ruɓe daga ciki, notunan su nutse a jikinsa, inji ya fara rawa. Alamar ita ce ka tura hannun inji amma jirgi ya yi jinkirin amsawa. Sake matse noti a ruɓaɓɓen katako aikin banza ne. A canza katakon, a sa farantin ƙarfe a inda notunan ke cizo, sannan a ɗaure inji da igiya ko sarƙa a jikin jirgi don kada ya faɗa ruwa.

Idan kuma hannun ya yi tauri, yawanci sandar da inji ke juyawa a kanta ce ta bushe, laka da tsatsa suka shiga. Akwai ƴar kafar giris a wurin. A bayan kowace awa 100 ta aiki, a tura giris mai jure ruwa har tsohon ya fito baƙi ta sama da ƙasa.

Jirage masu sitiyarin hannu irin na mota, waya ce mai kauri ke turawa da jan inji. Ƙarshenta yana haɗe da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da shi. Dole ya zama noti mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. In ya fice, ƙarfin farfela yana fizgar inji gefe guda nan take, jirgi ya yi kwana mai tsanani, mutane su zube gefe ɗaya. Shi ya sa igiyar kashe inji, wadda inji ke mutuwa da zarar an fizge ta, take zama a ɗaure a hannun matuƙi. Wayar da ta ci tsatsa ta cije kuwa, sabuwa ake saya, tsawonta yana rubuce a jikin robarta.

To idan abin ya riga ya faru fa? A sauke totur, a cire giya, a ce kowa ya zauna inda yake. A saki anga daga goshin jirgi, da igiya mai tsawon zurfin ruwan sau biyar aƙalla. Kada a sake ta daga bayan jirgi, domin igiyar ruwa za ta danne gindin jirgi ta cika shi.

Sannan a ɗaure inji da igiya biyu, dama da hagu, ya tsaya saiti. Inda gora ke taɓa ƙasa, ita ta fi komai. Inda ya yi zurfi, a ɗaure dogon filafili a baya ya zama abin juyawa. Masu jiragen iska a teku suna da wata dabara idan allon juyawarsu ya karye, kuma tana aiki a gulbi: a cika jarka mai lita 25 da ruwa kusan baki, ko a sami tsohuwar taya, a ja ta a baya da igiya biyu, ɗaya daga kowane gefen jirgi. In ka ja ta dama, goshi ya karkata dama. Jirgi zai yi nauyi, kwanarsa za ta yi faɗi, don haka a tafi da ƙaramin totur, goshi yana ɗan fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a nufi gaɓar da ta fi kusa ko da ba mashigin ba ce.

Kafin a sake ɗaukar kowa, a cire farfela a duba bayanta. Zaren koma yana nannaɗewa a wurin, ya yanke robar da ke tare man giya. In man ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai an canza robar da man gaba ɗaya.