Daren da kantar kicin ɗinmu ta faɗo

Wajen ƙarfe biyun dare muka ji rugum daga kicin, na zabura na ɗauko tocila ina tunanin ɓarayi ne suka diro, madam na bayana tana ta salati, muna leƙawa sai ga kanta a ƙasa, kantar da ni da hannuna na kafa wata uku da suka wuce, da ita da kulolin dake kai da farantan tangaran ɗin da ta zo dasu tun na jere, galan ɗin manja ya fashe ya malalo har bakin ƙofa. A daren ko uffan bata ce ba, kuma duk mai iyali ya san irin wannan shirun. Da safe ne tana miƙo min shayi tace "Abban yara dama ai nace a kira kafinta."

Abin da ya ɗaure min kai da na tsaya na duba shi ne ƙusoshin basu karye ba, basu ma lanƙwashe ba, ƙusar kankare ce inci uku guda shida kuma duk suna jikin katakon a miƙe, bangon ne ya sake su, kowace ta fito da ɗan guntun filasta a wuyanta ta bar rami kamar bakin mazurari. Ni kuwa ranar da nake bugawa har wani alfahari nake ji don sai da na yi gumi kafin suka shiga, a tunanina duk abin da ya shiga da wuya ai da wuya zai fita.

Na je na ɗauko wani dattijon kafinta a unguwarmu, kowa Baba yake ce mai, tun ina yaro nake ganinshi da fensir a bayan kunne. Bai ko kalli kantar ba, bangon ya nufa ya dinga ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma yana tafiya a hankali, nan yace kwam kwam kamar ganga, can kuma yace tim, sai ya juyo yace "Alhaji ka ji bambancin? To duk ƙusarka a kan ganga ka buga ta." Nace Baba ban gane ba. Ya fita waje ya ɗauko ragowar bulo ɗaya cikin waɗanda muka jingine a bayan gida ya ajiye min a gaba, wallahi na shekara nawa ina zaune cikin ginin bulo amma sai ranar na tsaya na kalli bulo da idon basira. Bulon da muke cewa nayin inci, tsawonshi inci 18 ne, faɗi inci 9, tsayi inci 9, amma cikinshi ramuka biyu ne manya, naman da ke tsakanin ramin da waje ɗan kaɗan ne, sai yaɓen filasta a kai wajen rabin inci. Na sikis inci ɗin da ake raba ɗakuna dashi, irin na kicin ɗina kenan, ya ma fi haka siranta. To idan ka ɗora ƙusa ka dinga lafta mata guduma, kafin ta ɓulla sai ta fasa bayan naman ta ciki, ɓarɓashin ya zube cikin ramin kai baka gani ba, ƙarshe tsinin ƙusar yana lilo a iska, abin da ke riƙe da ita filasta ne kawai da ɗan abin da ya rage. Agogon bango ko kalanda zata ɗauka lafiya lau. Kanta mai kuloli da galan ɗin manja, wadda kullum ana ɗauka ana ajiyewa tana ɗan motsi, kwana kawai take ƙirgawa.

Sannan ga matsalar shi kanshi bulon. Baba ya zaro makullin mashin ɗinshi ya kankari wanda ya ɗauko, sai ga yashi na zuba kamar garin kwaki. Buhun siminti kilo 50 ne ko a ina, amma adadin bulon da za'a buga dashi wannan ya rage ga imanin mai gidan bulo, wani zai ja buhu ɗaya har sai kalar simintin ta ɓace a cikin yashi, kuma ba'a ba shi ruwa yadda ya kamata, yau a buga jibi a loda a mota, alhali siminti sai ya yi kwana 28 kafin a ce ƙarfinshi ya kai inda ake lissafi. Ni dai lokacin ginin araha na bi, ba zan ɗora wa kowa ba.

Maganin da Baba ya kawo ɗan abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, robar nan da kowa ke cewa fisha. Na daɗe ina ganinta a leda cikin kwalin talabijin ina zubarwa. Sunan ma ashe na mutum ne, wani Bajamushe Artur Fischer shi ya ƙirƙiro ta roba a 1958, kafin shi kuma akwai wani Bature a Landan, John Rawlings, da ya yi rajistar tashi a 1911, ita da zaren rama aka yi ta. Dabarar duk ɗaya ce, ka huda rami daidai, ka cusa abu mai laushi, sukuru na shiga yana buɗa shi yana matse jikin ramin, babu duka babu girgiza. Idan ka lura ai abin da iyayenmu ke yi kenan da suke cusa tsinken ashana ko ɗan feƙaƙƙen katako a rami kafin su buga ƙusa, kuma yana yi, matsalar dai itace yana shan iska, da damina ya kumbura ya kama gam, hunturu na shigowa ya bushe ya tsuke sai ka ga abin ya fara girgiɗi. Roba ba ruwanta da hunturu.

Amma fisha ma ba tsafi bace, don na taɓa ganin wadda aka zare da yatsa biyu. Ga yadda na ga Baba ya yi, kuma tun daga nan haka nake yi. Farko neman wuri, ya bi da ƙwanƙwasa ya sa alama da fensir a inda sauti ya toshe, wato tsakiyar bulo inda bangon da ya raba ramukan biyu yake, da gefe-gefe inda bulo biyu suka haɗu. Layin kwaɓin da ke tsakanin sahu da sahu shi ma yana riƙewa idan birkilan bai yi rowar siminti ba. Na biyu bakin dirila dole ya zo ɗaya da fishar, lamba 8 da lamba 8, lamba 6 da lamba 6, lambar tana rubuce a jikinsu milimita ce, kuma bakin kankare ne ba na ƙarfe ko na katako ba, za ka gane shi da ɗan faffaɗan kai kamar kibiya. Na uku, wannan ne ban taɓa sani ba, ya kashe hamar dirilar. Akwai ɗan maɓalli a sama mai hoton guduma gefe ɗaya, idan ka bar shi a kan guduma a bulo mai rami to aikin ƙusar nan ka maimaita, zai farfasa cikin ne ramin ya yi faɗi. Hama ta linta ce da fila da dakin, inda kankare ne zalla. Ya naɗa ɗan salatif a jikin bakin don ya san zurfin da zai tsaya, da ya gama hudawa ya ɗauko bututun biro ya hure ƙurar ramin, ya rufe ido kafin ya hura, ni da na gwada ban rufe ba na sha ƙura har cikin hanci. Ƙurar nan idan ka bar ta fisha zamewa take a kai.

Sukuru kuma lissafi ne mai sauƙi amma mutane na kuskurewa, kaurin katakonka ka tara da tsawon fishar ka ƙara ɗan kaɗan, don sai tsinin ya kai ƙarshen robar take buɗewa sosai. Katako inci 1, fisha inci 1 da rabi, to sukuru inci 2 ya yi gajere. Kuma a fara huda katakon tukunna, in ba haka ba ya tsage musamman kusa da baki.

Kantar kanta bai maida ta kai tsaye jikin bango ba. Sai da ya fara kafa wani dogon katako tu-bai-tiri a kwance, ya daidaita shi da filam, ma'aunin nan da ake duba miƙewar aiki dashi, sukuru biyar duk a wuraren da ya sa wa alama, sannan kantar ta hau kanshi. Amfanin haka shi ne kai kake zaɓar inda sukuru zai shiga bango, ba faɗin kanta ne zai tilasta maka ba, kuma nauyin ya rabu. Akwai gefe ɗaya da duk inda ya ƙwanƙwasa ganga ce, nan ya fasa ɗan rami a saman wajen, ya tura takardar buhun siminti ƙasa ta toshe don kada kwaɓin ya zurare har gindin bango, ya cika ramin bulon da kwaɓi mai ƙarfi da 'yar tsakuwa, yace kar wanda ya taɓa sai bayan sati. Madam ta so ta yi magana kan jinkirin, ta tuna manja, ta fasa. Duk mai niyyar rataya kabad ɗin kicin ko hita ko babbar talabijin, da zai gaya wa birkila tun ana gini a cike ramukan wannan sahun da kankare da ya huta, buhu nawa ne ma.

Tunda Baba ya shigo gidan sai na ce a duba sauran. Katakon labulen falo dama ya daɗe yana sunkuyo da kai gefe ɗaya, yara suna rataya da labule ai dole. Shi wannan da sauƙi don linta na nan saman taga, kankare ne da rodi, sai dai idan kana hudawa ka ji bakin ya tsaya cak yana ƙara to rodi ka samu, kar ka matsa mai, ka ɗan gusa sama ko ƙasa.

Sikatin ne ya fi bamu aiki, katakon nan siriri da ake zagaya gindin bango dashi. Shi ba nauyi yake ɗauka ba, matsalarshi bangonmu ba ya miƙewa, ka ɗora katako miƙaƙƙe a jikin filasta sai ka ga nan ya manne can yatsa na shiga. Mutane da yawa gam kawai suke shafawa, to farin gam ɗin kafintoci irin Top Bond katako da katako yake haɗawa, ba'a yi shi don siminti ba, kuma ko gam mai ƙarfi ka samu idan a kan fenti ka shafa to fentin ka manna wa, ranar da fenti ya ɓare sun tafi tare. Baba ya kankare fentin, ya sa fisha lamba 6 duk bayan kamu biyu haka, ya nutsar da kan sukurun cikin katakon ya toshe da garin katako da aka kwaɓa da gam, bayan an goge da sanfefa an yi fenti sai ka rantse babu komai a wurin. Inda bango ya lotsa bai tilasta katakon ya bi shi ba, ya cike giɓin ta sama. Kafin duk wannan sai da ya shafe bayan kowane katako da Solignum saboda gara, masu ƙaramin ƙarfi baƙin mai suke shafawa amma warinshi a ɗaki ba daɗi kuma yana iya ɓullowa ta fenti. Gindin bango nan ne danshi ke hawowa da damina, nan ne kuma hanyar gara, shi yasa ni a ra'ayina in dai ɗakin ƙasa ne kuma kullum ana mofin da ruwa, gwamma mutum ya yi sikatin ɗin tayil ya huta, katako a bar wa falo. MDF kuwa, katakon nan da ake matse garin katako a yi, kar ma a fara a wurin, ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodi.

Wani abu kuma da na koya a 'Yan Katako ta Na'ibawa ranar da muka je sayen na sikatin ɗin, Baba ɗaga kowane yake yana jin nauyi, mai nauyi da sanyi a hannu ya ajiye yace ɗanye ne. Ɗanyen katako ko da fisha ɗari ka kafa shi, iskar Disamba na bugunshi zai murɗe, haɗin kusurwa ya buɗe baki. Wanda muka saya ma sai da ya sa na jingine shi a cikin falon kwana goma kafin a yi aikin. Fisha da sukuru kuma a Ƙofar Ruwa na saya, akwai mai laushi mai ɗan danƙo akwai kuma wata mai ƙyalli da in ka lanƙwasa ta take karyewa ƙas, wannan ta biyun ko kyauta aka baka ka bar musu.

Sai maganar waya, wannan kam ba ta wasa bace. Masu wayarin yawanci daga soket ko makunni suke miƙar da fayif sama ko ƙasa a cikin bango, don haka kar ka huda daidai saitin soket, kuma ka kashe wutar gidan daga babban makunni in dirilarka mai caji ce. Wai don an ɗauke wuta ba hujja bace, ana iya kawo ta kana tsaka da huda. A kicin da banɗaki ka ƙara da tunanin fayif ɗin ruwa.

Yanzu kantar ta shiga shekara ta biyu, ranar da aka gama sai da Baba ya kama ta da hannu biyu ya ɗage ƙafafunshi daga ƙasa yana lilo, da tsufanshi, madam na leƙe ta taga tana dariya. Ramuka shidan nan na toshe su da siminti amma fentin da na shafa bai zo ɗaya da na bangon ba, suna nan a jere ƙasan sabuwar kantar, duk baƙuwar da ta shiga kicin sai an nuna mata. Farantan tangaran kuma har yau ana bina bashin dozin ɗaya, nace sai bayan sallah.