Ƙugiyar da ta ci mini kuɗi

Har yau in na wuce ta Kasuwar Dole a Damagaram na hangi shagon buga takardun nan sai raina ya sosu, ko da yake mai shagon ba shi da laifi.

Aikin tsara sanarwa ne na ƴan makaranta masu wasan kwaikwayo kan zamanin da Damagaram take babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mayar da mulki Yamai a 1926. Malaminsu ya ce yana son sanarwar ta fito kamar tsohuwar takardar ofishin Nasara. Sai na sauke wani salon haruffa na kyauta mai kwaikwayon tsohuwar tafireta: tawada ta yi kauri nan, ta dushe can, cikin "e" da "a" ya toshe, bakin haruffa a gutsure. Faɗin kowane harafi ɗaya ne, kamar na salon Courier da aka zana wa kamfanin IBM wajen 1955, sai dai wannan ya sha wuya. A fuskar kwamfuta kam ya yi kyau.

Ashe babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikinsa. Kwamfutata ta aro su daga wani salo ba ta ce uffan ba, ta mai shagon kuwa ƴan akwatuna ta zuba. "Ƙasar Damagaram" ta fito akwati sannan "asar", a kan manyan takardu har an gama bugawa. Ya ce, "Malam, abin da ka kawo shi na buga." Na biya sau biyu.

Wani dattijo a unguwar Birni da ya yi akawu ya ce mini, "Ɗana, mu da alƙalami muke sa ƙugiya bayan mun buga." Haka na yi: na rubuta k da d na salon, na zana musu ƙugiya, na ajiye aikin a PDF da haruffan a ciki.

Salon ya dace da kanu, bangon littafi, ko ƴan layuka a sanarwa. Kada ka rage girmansa, don in aka yi hoton takardar sai ya cushe, dattawa su kasa karantawa. Kuma duba "a" biyu a kalma ɗaya: in tabonsu iri ɗaya ne, mai ido zai gane na kwamfuta ne. Amma kafin komai, buga ƙ ɗ ɓ ƴ, manya da ƙanana, a kwamfutar mai shagon, yana tsaye.