Tsuntsayen da na kifar da kansu

Wata huɗu na yi a shagon ɗinki a Tawa kafin a yarda in sa almakashi a jikin atamfa. Aikina sharar ƙyalle, hura gawayin dutsen guga, naɗa zare a kwarkwaro, sai taka keke babu zare a kan takarda har ramukan allura su miƙe sak. Abin ya ƙona mini rai. Ni da na zo da littafi cike da zanen riguna, ina jin labarin Alphadi, shahararren mai zana tufafi ɗan Nijar, da ya tara duniya a hamadar Tigidit a 1998 don bikin nuna tufafin Afirka na FIMA na farko, ga ni kullum hannu dumu-dumu da toka.

Uwar ɗakina, da muke ce wa Inna, ba ta taɓa kushe zanena ba. Sai dai ta duba, ta ce, "To ɗiyata, yadi nawa za ta ci?" Ban taɓa samun amsa ba.

Ana saura kwana goma ƙaramar salla, yayana da ke cin rani a Abijan ya aiko mini da turmi guda, shuɗi mai tsuntsaye suna tashi. Na ce wannan kam ni zan ɗinka abina. Turmi yadi shida ne, zane uku ke nan: ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na riga, na ukun a fitar da kallabi. Rigar da na zana kuwa mai faɗin hannu ce, hannuwan kaɗai sun kusa cinye rabin zane. Da na shimfiɗa takardun awo na ga bayan rigar ba zai shiga ba, sai na juya shi, ya zauna daram. Har ina yaba wa kaina dabara. Na yanka.

Sai da na haɗa kafaɗu na ɗaga rigar, sannan na gani. A gaba tsuntsaye na tashi sama, a baya duk sun yo ƙasa da ka, kamar an harbo su.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini reza, ta ce, "Ɗinki ana warware shi, yanka ba a warware shi. Shi ya sa na hana miki almakashi." Na zauna ina tsinke zare ɗaya bayan ɗaya, masu karɓar ɗinkin salla suna shiga suna fita, kowa sai ya leƙo.

Sabon bayan daga zanen kallabi muka fitar da shi. Ta sa na shimfiɗa shi a tebur, na ja kibiya da alli a baibai don in san ina ne sama, na bar santimita biyu na rara a kowane gefe, na sake awo ita tana kallo. Hannuwan ma sai da na rage musu faɗi, ina ji ina gani.

Ranar idi kallabina guntu ne mai haɗi a tsakiya, na cusa haɗin cikin ɗauri, ba wanda ya lura sai gwaggona. Yanzu kusa da kowane zane a littafina akwai lissafin yadi. Wancan bayan rigar kuwa yana nan rataye a ƙusa, da shi muke goge man keke.