TARIHIN RAYUWATA kashi na 9: Shekarar korona da ƙibar Abba

Makon jiya na tsaya a inda malamar asibiti ta ce in rage wa ɗana Abba maiƙo da zaƙi, kuma wallahi har na fara ganin haske, kullum a ƙafa yake zuwa firamare ta garin gaba, da yamma ya tafi ƙwallo filin idi, har wandon makarantarsa sai da na ɗaure da mazagi. Sai ga korona.

Watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, Afrilu gwamnati ta kulle Kano, azumi ya shigo a haka. Mu a ƙauye ba wanda ya tsare mu a ɗaki gaskiya, amma Baban Abba yana Legas an hana shiga wata jiha daga wata, sai dai ya turo kuɗi ta mai POS, kuma hannun wa kuɗin ke shiga? Hannun Inna, uwar mijina. Ita kuwa maganarta ɗaya ce tun ranar suna, wai yaro da ƙiba ake gane gidansu.

Ranar Litinin da Alhamis da ake sassauta kulle sai ta aiki Sani cikin gari ya ɗauko katan na Indomie da lemon kwalba, yaron da ko azumi bai fara ba ya zauna a ɗakinta ya ci da sahur ya ci da rana ya ci da buɗa baki, ga fura da sukari cokali uku, na ƙirga da idona. In na yi magana ta ce Hajara ke kika haife shi amma ni na haifi ubansa.

Awo ma muka daina zuwa, kowa na tsoron asibiti kar a ce yana da cutar a tafi da shi.

Abin da har yau yake cin raina shi ne wuyansa. Ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi, Inna ta sa soso da sabulun salo tana dirza yaro na kuka, wai ƙazantata ce ban iya wanka ba. Sai bayan shekara biyu likita ya ce min alama ce ta jikin da ke hanyar ciwon suga, ba datti ba ne. Ban faɗa mata ba, lokacin tana kwance, na bar wa Allah, amma har ta rasu tana cewa da ƙiba ake gane gida.

Da aka koma makaranta a Oktoba rigarsa ta ƙi shiga, a hanya sau biyu yake zama ya huta. Rigimar da muka yi da Baban Abba da ya dawo kuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.