Na raba totur bodin Corolla da ruwan zafi, ga abin da na gani

'Yan'uwa masu koyon taɓa mota, ga inda aka kwana a kan Corolla ta 2003 ɗin nan mai injin 1ZZ-FE. Wancan karon totur bodi muka wanke, wato bakin injekta, inda iska ke shiga inji. Wannan karon ƙananan tiyo biyun da ke manne da shi na bi.

Ruwan lagireto ne ke shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, aikinsa ɗumama wurin. Dalili kuwa ƙanƙara. Idan faifan totur ya kusa rufewa, iska kan matsu ta ɗan siririn wuri, matsinta ya faɗi, ta ƙara sanyi. A ƙasar da sanyi ke kai wa sifili kuma iska na da laima, ƙanƙara kan taru a gefen faifan, ya maƙale ko mota ta mutu a silo. Don irin su Kanada da arewacin Amurka aka yi wannan tanadi. Mu kuwa a Kano zafin Afrilu na wuce digiri 40, sanyin hunturunmu kuma busasshe ne. Shi ya sa dabarar yanke wa totur bodi ruwan zafi ta ja hankalina. Ta yi suna ne a Amurka, musamman wajen masu injin LS1 da ya fito a Corvette a 1997, a Camaro a 1998. Hujjarsu ita ce iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka ta fi ba inji ƙarfi.

Aikin kansa ba wuya. Na bari inji ya huce sarai, domin tamostat ɗin motar nan, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto, sai wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma ruwan da matsi yake zagayawa, zai iya sale maka hannu. Na rage ruwa, na ja kilif baya da filaya, na murɗa tiyo a hankali har ya saki. Abin da ya zubo ja ne kamar ruwan kududdufi, bakin bututun ƙarfen kuma tsatsa ta cinye gefensa, yana ɓarewa a farce. Alamar motar ta daɗe tana shan ruwan famfo zalla ke nan. Sai na haɗa tiyo biyun da ɗan bututun tagulla, kilif a kowane gefe, na rufe bakunan da suka rage da murfin roba. Ku haɗa tiyon biyu, kada ku toshe su da ƙusa kamar yadda ake yi a wasu garejoji; ruwan nan hanya yake bi ya koma inji. Daga nan na cika ruwa, na bar ta tana aiki har fanka ta tashi, iskar da ta shiga ta fita.

To, an samu ƙarfi? A gaskiya ƙafata ba ta ji komai ba. Ƙarfen dai ya yi sanyi: da, in na dawo daga tafiya, ba na iya barin tafin hannuna a kansa, yanzu ina iyawa. Amma sanyin ƙarfe daban, sanyin iska daban. Ku yi lissafin da kanku. Inji mai lita 1.8, in yana juyi 6,000 a minti da totur a buɗe, yana zuƙar iska kusan lita 90 a daƙiƙa ɗaya. Iskar da ke gudu haka, ta ratsa wurin da tsawonsa bai kai taƙi ba, yaushe ta tsaya har ta kwashi zafi? Kuma sai ka sauke zafin iskar da digiri 3 kafin nauyinta ya ƙaru da kashi 1 cikin 100. Inda ruwan ke ɗumama iska sosai shi ne a silo da cunkoso, lokacin da ba ƙarfi kake nema ba.

Na'urar OBD, wadda ake jona wa mota don karanta bayanan inji, ita ma ba za ta raba gardama a nan ba. A wannan motar, abin auna zafin iska yana cikin sensar MAF mai auna yawan iskar da ke shiga inji, kusa da matatar iska, tun kafin a iso totur bodi. Duk lambar da ka gani, iskar ba ta kai wurin da ka gyara ba tukuna.

Mai tsohuwar Honda ta shekarun 1990 shi ne zan ja wa kunne. Da yawansu suna da wani bawul mai wani irin kaki a ciki, wanda ke ɗaga silo da safe, ya rufe in ruwan zafi ya iso shi. Ka yanke masa ruwa, ya ɗauka har yanzu safiya ce, silo ya ƙi sauka ko ya riƙa hawa da sauka, mai na ƙonewa a banza. Ku bi tiyon da ido tukuna, ku ga me da me yake ciyarwa.

Tawa zan bar ta haka, saboda bututun nan ya ruɓe, ɗigo yake shirin yi. Da lafiyayye ne, da na mayar da tiyon yadda yake. Abin da ya rage shi ne wanke lagireto da zuba kulant na gaske, sannan in duba tamostat, don na ga alamar an taɓa kwance murfinsa.