Madu da tambayar Goggo

Yau an kawo wuta tun la'asar, abin kamar almara. Ummi ta dage sai mun kalli Madu, fim ɗin Disney na 2024 a kan Anthony Madu, yaron Legas ɗin nan da bidiyonsa ya karaɗe intanet a 2020, yana rawar bale, rawar Turawan nan ta ɗage da juyi, ba ko takalmi a kan siminti, ruwan sama na dukansa. Shekararsa 11 a lokacin. Malaminsa Daniel Ajala kyauta yake koyar da yaran unguwa. Sanadin bidiyon nan har makarantar rawar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila ta ɗauki nauyin karatunsa.

Da farko dariya muka sha. Goggo na gefe tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta ga yara sun dafa ƙarfe suna miƙe ƙafa ɗaya har saitin kunne. "Wai wannan rawa ce ko horo?" Na ce duka biyun ne, Goggo, kullum da wannan ƙarfen suke farawa kafin a sake su tsakar fili.

Sai aka zo wurin da aka duba idon Anthony, aka gano ɗaya ba ya gani sosai. Mai rawar da aikinsa juyi ne, dole ya kafa ido wuri guda kada jiri ya ɗebe shi. Goggo ta ajiye faifan.

"Ina uwarsa?"

"Tana Legas, Goggo. Ta waya suke magana."

"To wa ke kusa da shi da aka faɗa masa?"

Ummi ta ce ai malamai na nan, kuma dama irin wannan ba a wasa da ita. Goggo ta ce ba ta musa ba. "Amma yaye biyu aka yi wa yaron nan, 'yar nan. Na biyun ya fi ciwo, don yana da wayo."

Tun daga nan rawar ta daina shiga kaina. Duk duniya ta tafa wa bidiyon, har da ni, ban taɓa tunanin wanda zai kwana a ɗakin makaranta cikin sanyin Ingila ba. Ga takardun Abba na neman karatu a waje, ni ke ta matsa masa ya cike.

Ban taɓo masa zancen ba yau. Gas kuma ya ƙare ana tsaka da miya, sai gawayi.